Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Matasan Maraɗi Masu Ɗaukar Bidiyon Waƙa

Assalamu alaikum ƙannena. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da rana, da fatan iyalai suna lafiya.

Na daɗe ina cin abinci a gefen sana'arku. Da gidan kallo na fara tun zamanin kaset, lokacin da muke jera benci a zaure, mu tayar da injin wuta, yaro ya biya dala biyar ya shiga. Da kaset ya wuce na koma faifai, yau kuma ina zaune a rumfa kusa da babbar kasuwa da kwamfuta, ina tura wa mutane waƙoƙi a waya da katin memori. Duk kilif ɗin da kuka gama, ba ya kwana biyu bai iso hannuna ba. Ina ganin wanda ake nema shekara da shekaru, ina ganin wanda ake karɓa yau, jibi a dawo a ce in goge in sa wani. Abin da idona ya tara a wannan zama shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kusan duk abin da kuke kawowa fuskarsa ɗaya. Ana buɗewa da ɗan jirgin ɗaukar hoto yana shawagi a kan shataletale, sai motar aro a ƙofar otal, sai mawaƙi ya fito a hankali yana gyara tabarau, sai hayaƙi mai launi, sai yanka hoto kamar ana yanka albasa, ido bai sauka a kan abu ba an ɗauke shi. Haka aka yi wa waƙar soyayya, haka aka yi wa waƙar ɗan takara, haka aka yi wa yabon alhajin kasuwa, har waƙar noma na ga an yi mata haka, ba gona ba hauya. Iyayenmu sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. To me ya hana kamara sauyawa?

Bari in ba ku labarin abin da ya same mu a gida, don ku san daga inda ciwon ya taso.

Kawuna makaɗin kalangu ne, gado ya yi. Ya yi wa mahauta kiɗa, ya yi na biki, ya bi ƴan kokowa ƙauye ƙauye bayan kaka. Da muka ga ƙarfinsa ya fara raguwa, sai mu ƴaƴansa da ƴaƴan ƴan uwansa muka haɗa kuɗi don a ɗauke shi a bidiyo, jikoki su san wane ne kakansu. Muka sami wani yaro mai kamara, mai ladabi, mai son aikinsa. Ya fara kai shi situdiyo aka naɗi sauti. Washegari ya shigar da shi wani ɗaki mai koren ƙyalle a bango, ya kunna abin da aka naɗa, ya ce: Baba, ka yi kamar kana kiɗa. Ƴan amshinsa su huɗu, waɗanda suka fi shekara talatin tare da shi, aka bar su a waje don ɗakin ba zai ɗauke su ba. Da aikin ya fito, sai ga kawu tsaye a gaban dogayen benaye na wata ƙasa, can kuma ga shi a gaban ruwa mai zubowa daga dutse. Rabin hotunan daga ƙirji zuwa sama ne, kalangun ma ba a gani. Inda aka nuna hannunsa, sandar kiɗa na sauka a wani wuri, sauti na fita a wani. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya miƙo mini wayar ya ce: wannan ba ni ke kiɗan nan ba. Damina ta gaba Allah ya yi masa rasuwa. Wannan kilif shi kaɗai ne hotonsa mai motsi da ya rage mana a duniya.

Ban riƙe yaron nan a zuciya ba, Allah ya sani. Abin da ya koya shi ya yi. Amma da ya zauna da tsohon ko na yini ɗaya, da ya gane cewa maganar kalangu a hamata take. Makaɗi na matse tsarkiya da damtsensa, fata ta ɗaure, murya ta hau; ya saki, murya ta sauka. Da wannan hawa da sauka kalangu ke kiran sunan mutum, ya yi masa take, ya yi wa wani habaici, mai kunne ya ji ya yi murmushi. Wanda ya ɗauki makaɗin kalangu bai nuna damtse da tsarkiya ba, ya ɗauki mai magana ya rufe masa baki. Haka mai goge: aikin yana tsakanin yatsun hagu da izga. Haka mai gurmi. Haka mata masu kiɗan ƙwarya, waɗanda daɗin kiɗansu ke cikin yadda hannuwa da yawa ke sauka tare. Sannan waƙar gargajiya zance ce tsakanin jagora da ƴan amshi. Ya jefa, su cafe, wani lokaci ya bar baiti a rataye su ƙarasa masa, ya waiwaya ya dube su. Wannan waiwayen rabin waƙar ne. Kuma makaɗan nan ba su saba maimaita waƙa daidai da yadda suka yi ta jiya ba. In wani ya shigo fili, sunansa ya shiga waƙa nan take. Don haka ka ce wa irin wannan mutum ya bi sautin da aka naɗa yana motsa baki, ka ɗaure shi ke nan.

Salon da kuke ɗora wa kowa yana da asali, kuma a gidansa yana da dalili. A Amurka aka buɗe tashar MTV a 1981, tashar da a lokacin aikinta nuna bidiyon waƙa dare da rana, daga nan kamfanonin waƙa suka fara zuba kuɗi a hoto kamar yadda suke zubawa a sauti. A 1983 Michael Jackson ya ɗauko daraktan fim, John Landis, ya yi masa bidiyo mai kusan minti 14 da labari a ciki, duniya ta ga cewa darakta na iya ɗaga waƙa. A shekarun 1990 Hype Williams ya yi suna wajen ɗaukar mawaƙan rap da gilashin kamara mai kumbura hoto, da launi mai ƙarfi, mawaƙi ya cika allo kamar zai faɗo wa mai kallo. Wannan ya dace da rap, domin rap magana ce ta ido da ido. Mai yin ta yana nuna ka da yatsa, yana cewa ga ni, ga unguwarmu, ga abin da ke damunmu. Shi ya sa yake kallon cikin kamara, shi ya sa ake ɗaukarsa daga ƙasa, shi ya sa abokansa ke tsaye a bayansa, kuma yanka hoto da sauri yana bin saurin harshensa.

Saboda haka ba ni da ja da ku in kun yi wa ɗan rap irin wannan ɗauka. Abin da nake tambaya shi ne unguwar da ke bayansa. Lokacin da rap ya yi tashe a Yamai a farkon shekarun 2000, zamanin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong, abin da ya ja matasa shi ne sun ji ana faɗin rashin aiki da halin makaranta da harshen da suke magana da shi. Yaron Maraɗi da ke waƙa a kan wahalar neman na kai, me zai kai shi bakin wurin wanka na otal? Ga fadarsu inda suke dafa shayi har dare ya raba, ga tashar ƴan kabu-kabu, ga lungunan Bagalam da Mokoyo da Ƴan Daka, ga masu dako a kasuwa, ga motocin da ke lodi zuwa Ɗan Isa. Zanen aro ba ya rufe katara. Na lura a rumfata cewa kilif ɗin da yara suka gane lungunsu a ciki shi ne suke turawa juna har ya zaga gari.

Waƙar soyayya ta fiyano, wadda ake kira nanaye, ita kuma gidanta Kano ne. Fim ɗin Hausa na kaset ya soma a can a 1990, ya ɗauko rawa da waƙa daga finafinan Indiya da iyayenmu suka sha kallo a silima. Saurayi da budurwa a lambu, ana sauya tufafi daga baiti zuwa baiti, ɗaya ya yi ɗaya ya amsa, jarumai na motsa baki a kan muryar mawaƙan situdiyo. Mu a nan ba baƙin wannan salo ba ne, kuma ƴar garin nan Fati Nijar tana cikin muryoyin da suka yi suna a can. Sai dai ku tuna cewa a cikin fim waƙar tana da labari gabanta da bayanta, mai kallo ya san abin da ya raba masoyan nan. In kun ciro ta ita kaɗai, sai ku ba ta ɗan labarinta, ko da aike ne da bai isa ba, ko jiran da aka yi a ƙofar gida bayan isha'i. In ba haka ba, mutum biyu ne kawai ke juyi a gaban furanni minti biyar. Wani abu kuma da ke ci mini rai a nan shi ne gyaran launi. Kuna wanke fuskar yarinya a kwamfuta har uwarta ba za ta gane ta ba. Ƴan mata na kallo, suna auna kansu da abin da babu shi, daga nan sai kantin man shafawa. Ku koyi haska baƙar fata yadda za ta fito da kyanta. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun ishe ku, ku guji tsakar rana da ke zuba inuwa a kwarmin ido.

Na san idonku na kan Legas. Kuna kallon aikin su Clarence Peters da TG Omori, da gaskiyarku, gwanaye ne. Amma abin koyi a wurinsu shi ne shiri: an zana kowane hoto kafin ranar ɗauka, akwai mai kula da haske, akwai mai tufafi, akwai mai koya rawa, kuma kiɗan nasu na rawa ne, shi ya sa jiki da launi ke gaba. Motar da gidan kuwa, kuɗi ne ya kawo su, kuɗin da mawaƙinku ba shi da shi.

Ku juya ku dubi arewa, cikin ƙasarmu. Masu jita na Agadas da Azawak sun kai kiɗansu Turai da Amurka, kuma Mdou Moctar ta katin memori da turawa daga waya zuwa waya aka fara saninsa, irin sana'ar da nake yi. Da yawa daga hotunansu da suka zaga duniya ba su da wani ado: mutane zaune ko tsaye a fili, ƙaramin injin wuta, yatsu a kan jita, jama'a na tafi, ƙura na tashi. An bar kiɗan ya yi numfashi. Wanda ke wata ƙasa ya ga wuri na gaske da mutane na gaske, ya tsaya.

Masu bege da yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, su ma ana zaluntarsu da gaggawa. Sai a tsayar da sha'iri a gaban koren ƙyalle, a liƙa hoton Ka'aba da koren kubba a bayansa, taurari na walƙiya, rubutu na juyawa. Waƙar bege kalmominta ake saurare, natsuwa take so. Kamara ta zauna wuri ɗaya, ta daɗe a kan fuska, ta nuna sahun masu amshi da masu bugun mandiri in akwai su. Zaure mai tabarma da fitila ya fi waɗannan hotunan da aka kwaso daga intanet kwarjini. In za ku rubuta baiti ko salati a kan allo, ku kai wa malami ya duba kafin ku saki. Na sha ganin Larabcin da haruffansa suka rarrabu ko suka juya baya saboda kwamfutar ba ta iya jera su ba, kuma an riga an tura wa dubban mutane.

Waƙar ɗan siyasa da ta alhaji ba zan daɗe a kansu ba. Mai kuɗin ya ce a nuna fuskarsa da ayarin motocinsa, ku nuna, ku karɓi haƙƙinku.

Inda nake roƙonku ku tsaya ku yi karatu shi ne kiɗan fada da kiɗan maza. Allah ya ba mu fada biyu a kusa, ta Sarkin Katsinan Maraɗi a cikin gari da ta Sarkin Gobir a Tsibiri. Kakaki da algaita da tambura ba a busa su ko a buga su don nishaɗi kawai, kowanne da lokacinsa da wanda ake yi wa. A fada wurin zaman mutum ma magana ne. Mai kamara da ya shiga bai nemi izini ba, bai tambayi wa ke gaba da wa ba, zai yanka hoto ya sa bara a inda ubangida ya kamata ya fito. A nan faɗin hoto ake so, a ga tsarin zama, a ga tsawon kakaki tun daga bakin mai busa har ƙarshensa. Kokowa kuwa, kun fi ni sanin filin da ke ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauko takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975. Ku je ku zauna kusa da makaɗa, ku ga abin da ke faruwa idan aka buga taken ɗan kokowa: yadda tsikar jikinsa ke tashi, yadda yake miƙewa ya yi kirari, yadda makaɗi ke ƙara zuga shi. Wannan abu tsakanin mutum biyu yake faruwa, kuma sai hoto ɗaya ya riƙe su tare ake ganinsa. In ka ɗauki makaɗi yau a ɗaki, ka ɗauko hoton kokowar bara ka liƙa, ka raba wuta da ƙirare.

Kada ku ce wannan ra'ayin tsoho ne da bai san fim ba. Ƙasar nan tana da tarihi a kamara. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Mustafa Alasan yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. A 1971 Bafaranshen nan Jean Rouch ya shiga garin Simiri a Zarmaganda da kamara a kafaɗa, ya ɗauki masu tsofaffin ganguna a ɗauka guda ta kusan minti goma, bai yanka ba, kuma har yau masu koyon fim na kallon wannan aiki. Ni ma ina da tawa shaidar. Mamman Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma babu makon da wani ba ya zuwa rumfata neman tsofaffin hotunansu. Hotunan sun dushe, kamarar ba ta cika motsi ba, amma ana ganin Shata da makaɗansa da masu liƙi, ana ganin yatsun Ɗan Maraya a kan kuntigi. Direba ya karɓa, tela ya karɓa, ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya karɓa, kuma ba a dawo mini da su a ce in goge.

Na san halin da kuke ciki. Mawaƙi ne ke biya, kuɗin kaɗan ne, shi ne kuma ke cewa a yi masa irin na wane. Kana tsakiyar montaji, wato tace hoto, a ɗauke wuta. Kai ne darakta, kai ne mai kamara, kai ne mai tacewa. Ga TikTok da ke son hoto a tsaye da daƙiƙa talatin, ga WhatsApp da ke matse aikin da ka kwana kana gyarawa har ya dushe. Duk na yarda. Amma abin da nake nema bai fi abin da kuke yi tsada ba, sau da yawa ma ya fi araha. Ka saurari waƙar sau goma kafin ka taɓa kamara, ka tambayi mai ita wa ake yi wa ita, a ina aka saba yin ta. In makaɗin gargajiya ne, ka bi shi inda yake kiɗa, ka naɗi sauti da hoto lokaci guda, ka sa makirufo kusa da shi nesa da injin wuta. Kamara ɗaya ta tsaya ta riƙe kowa da kowa tun farko har ƙarshe, ta biyu, ko waya ce, ta bi hannuwa da fuskoki. Kafin a fara wani ya yi tafi ɗaya a gaban kamarorin, da shi za ka daidaita sauti da hoto a wurin montaji. In kana son guntun da za ka sa a TikTok, ka yanko daga ciki daga baya, amma cikakken ya zauna. Kuma don Allah ku daina goge ɗanyen hoto don samun wuri a kwamfuta. Ku ba iyalan mai waƙar kwafi. Da yaron nan ya ajiye abin da ya ɗauka na kawu kafin ya liƙa benaye, da yau muna da abin dubawa.

Sai maganar suna. Tun 1992 MTV ta fara rubuta sunan darakta tare da na mawaƙi, daraktocin Legas ma ba sa sakin aiki ba sunansu. Ku ma kuna rubuta naku, da manyan haruffa, kuma haƙƙinku ne. To ku ƙara da na mai kalangu, da na ƴan amshi, da na wanda ya buga fiyano, da garin da aka ɗauka, da shekara. Wannan zai taimaki mai waƙa ranar da zai je ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA, zai kuma taimaki wanda zai zo neman tarihin garin nan bayan ba mu. Ina kuma ganin da amfani ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata, a gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga ko a fadar ɗayanku, kowa ya kunna aikinsa, ku gayyato tsohon makaɗi ɗaya ya zauna ya faɗa muku abin da ya gani da abin da bai gani ba.

Biyu daga cikin ƴan amshin kawu suna raye. Ɗaya idonsa ya tafi, amma muryar na nan, kuma duk taken da kawu ke bugawa yana kansa. Akwai kuma wata gwaggo a wani ƙauye kan hanyar Madarunfa da har yanzu take tara mata su yi kiɗan ƙwarya in an yi haihuwa ko aure. Na yi magana da su, sun yarda a ɗauke su in an gama girbin gero, kafin hazo ya sauko. Man babur da abincin yini a wuyana. Wanda ya shirya a cikinku, ya zo da kamararsa da makirufo ya same ni a rumfa bayan la'asar mu tsayar da rana.

Wassalam.

Yayanku, mai tura waƙoƙi a bakin babbar kasuwa, Maraɗi.